Ki Ce Naki Ne

Lauratu ta sunkuya da ƙyar, ciki ya tokare ta, ta janye buhun shinkafa don ta share bayansa, sai hannunta ya taɓo wata baƙar leda da ba ita ta ajiye ba. Ta ɗauka kuka ce ko busasshen zogale da aka aiko daga Kano ta manta da shi. Tana kwance bakin ledar wari ya buge ta. Warin nan ne da ta saba ji yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin Huzaifa, ƙanen mijinta, wanda yake ce mata turaren wuta ne na 'yan Indiya. An ƙulla ganyen ƙulli-ƙulli, ƙanana, kamar na mai tallan yaji. Ba sai an gaya mata ba, mai sha shi kaɗai ba ya irin wannan ƙulli.

Miya tana tafasa a kan wuta. Nan da azahar falon zai cika da 'yan kasuwa, mutanen Kano da Maraɗi da suke ta ciniki tun safe a kasuwar Canaan, su hau benen nan na unguwar Sanyuanli don su ci tuwon gida. Sana'arta ke nan a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Ta ɗauki ledar ta je ta buga wa Huzaifa ƙofa.

Huzaifa ya fito yana murza ido, saurayi dogo mai son gayu, wanda aka turo shi ya koyi harkar kaya a wurin yayansa.

"Huzaifa, mene ne wannan a kicin ɗina?"

Ya fizge ledar. "Haba Anti, wa ya ce ki taɓa? Ajiyar wani ce."

"Wiwi ce fa."

"Ganye ne kawai. A wasu ƙasashen ma a kanti ake sayar da shi kamar shayi."

"Nan wasu ƙasashen ne?"

Ya yi dariya, ya ce tsoronta ya yi yawa, ya koma ya rufe ƙofa.

Da la'asar mijinta, Alhaji Umar Faruƙ, ya dawo daga sito. Ta bari ya ci abinci ya sha ruwa, sannan ta gaya masa. Ta zuba ido ta ga ya zabura. Bai zabura ba. Ya ci gaba da latsa wayarsa, kuma a nan ta gane ba yau ya fara ji ba.

"Zan yi masa magana," ya ce.

"Alhaji, sayarwa yake yi. A gidan nan."

"Na ji. Yaro ne, abokai ne suke ruɗarsa. Hajiya ta damƙa min amanarsa, in na kore shi a ƙasar mutane ina za shi? Ki bar ni da shi. Kuma kada in ji zancen nan a bakin kowa. Asirin gidanmu ne."

Ta bar shi da shi. Abin da ya canza kawai shi ne ledar ta bar bayan buhun shinkafa, ba ta san inda ta koma ba.

Daga ranar idonta ya buɗe a kan masu hawowa benen. Akwai waɗanda suke zuwa su zauna a kan tabarma su ci su yi hira a kan kuɗin kwantena da tsadar dala. Akwai kuma wasu samari da ba sa ko cire takalmi. Su gaishe ta sama-sama, su shige ɗakin Huzaifa, su daɗe ko su fito nan take, in za su tafi su ɗaga waya su haska lambar biyan kuɗi da ta manna a bango don masu cin abinci. Da can takan ji wayarta ta yi ƙara ta ce Allah ya yi albarka, wani ya biya tsohon abincin da ya ci. Yanzu in wayar ta yi ƙara ta san kuɗin wiwi ne yake shigo mata.

Ta cire takardar lambar daga bango. Washegari ta tarar an mayar. Alhaji ya ce kwastomomi suna ƙorafi, ta daina wasa da sana'a.

A hawa na ƙasa da su akwai Habsatou, 'yar Maraɗi, mace mai jiki da kaifin baki, wadda take saro takalma a Zhanxi Lu tana aikawa gida. Ita ce ƙawarta ɗaya a garin. Wata rana da hantsi Habsatou ta hawo karɓar daddawa, ta tsaya a tsakiyar falo ta ja hanci, ta dubi ƙofar Huzaifa, ta dubi Lauratu. Ta ja ta kicin ta tura ƙofa.

"Ƙawa, tun yaushe?"

Lauratu ta so ta ce ba ta gane ba, sai hawaye suka riga ta.

"Sunan wa ke ga takardar gidan ga?" in ji Habsatou. "Da aka tafi wurin 'yan sanda yin rajista, wa ya sa hannu?"

"Ni. Lokacin Alhaji yana Kano, ni na bi mai gidan."

"Lambar bango fa?"

"Tawa ce."

Habsatou ta dafe kai, Faransanci ya suɓuce mata. "Mon Dieu. Ki saurare ni. Mutanen ga ba su wasa da wannan abu. Wanda ya sha kawai, gashin kansa za su yanka su auna, su tsare shi, su kore shi daga ƙasa. Wanda ya bari aka sha cikin gidansa, kurkuku ne. Mai saidawa kuwa, kada ma ki tambaya. Akwai wani ɗan Yamai da muka zo jirgi ɗaya, har yau uwarsa kiran mutane take tana tambaya ko an gan shi. Kuma in sun zo, ba su tambayar wa ke da ɗaki. Takarda suke dubawa."

Tun daga wannan hira Lauratu ba ta ƙara samun natsuwa ba. In lif ya tsaya a hawansu sai ta ajiye muciya ta kasa kunne. In an buga ƙofa sai ta ji ɗan cikinta ya dunƙule wuri ɗaya. Ta daina buɗe taga don kada wari ya fita, ta koma buɗewa don kada ya zauna a labule. Ta yi ta turara gidan har kwastomomi suna tari. Tsohuwar 'yar Sin da take ƙofa da ƙofa da su, wadda kullum take gaishe ta da "ni hao" tana shafa mata ciki da murmushi, wata safiya ta haɗu da ita a bakin lif, ta toshe hanci da yatsu biyu, ta nuna ƙofarsu, ta kaɗa kai. Lauratu ta koma ciki ta yi amai.

Abinci ya daina shiga. Ƙafafunta suka kumbura. Ta zuba gishiri sau biyu a miya, wani Alhaji ya yi mata tsiya, ta yi yaƙe. Ranar da wasu 'yan sanda suka zo duba fasfo, kamar yadda sukan yi wa baƙi lokaci-lokaci, Allah ya sa Huzaifa ba ya nan kuma ɗakinsa a kulle. Suka duba nata, ɗaya ya ce "xiexie", wato an gode, suka tafi. Ta zame a jikin ƙofa ta zauna a ƙasa, ta kasa tashi sai da shinkafa ta kama.

Ranar ta yi abin da aka hana ta. Ta kira surukarta, Hajiya Rekiya, a Kano.

Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ikon Allah. Lauratu, yaron nan ko goro bai iya ci ba da ya bar gabana."

"Hajiya, da idona na gani."

"To ko ma ya yi, ai shaiɗan ne, addu'a za ki taya mu. Ke babba ce, matsayin uwa kike a wurinsa. Maraya ne fa, tun yana goye ubansu ya rasu. Kada ki zama ke ce kika shiga tsakanin wa da ƙane. Mace ta gari rufa asirin gidan mijinta take yi."

"Hajiya, sunana ne a takardar gidan."

"To ai gidanki ne, sunan wa za a sa?"

Da Alhaji ya ji ta kira, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta. Da ya sauko ya ce ta kwantar da hankalinta, Huzaifa ya yi masa rantsuwa wannan ne na ƙarshe, kayan da ke hannunsa kawai zai ƙarasar, don masu shi ba mutanen da ake mayar wa kaya ba ne.

Wata ranar Talata, tana tsaka da tuƙa tuwo, Huzaifa ya faɗo gidan ba sallama, fuskarsa kamar an yayyafa masa toka. Alhaji na biye da shi. Suka shige ɗaki suka rufe. Ta ji ana jan akwati, ta ji ruwan banɗaki yana ta zuba, ana ja ana sake ja. Da suka fito Huzaifa yana rataye da jaka, bai iya haɗa ido da ita ba.

"Me ya faru?"

"An kama wani abokinsa a bakin kasuwar Baima," in ji Alhaji. "Da abin a aljihunsa, da wayarsa. Na samar masa jirgin yamma."

"Mu fa?"

"Kujera ɗaya aka samu."

Huzaifa ya ce, "Anti, ki yafe ni," a can ƙasan maƙoshi, ya fice. Alhaji ya raka shi ya sa shi a mota, ya dawo ya zaunar da ita a gefen gado. Ya riƙe hannunta, abin da ya daɗe bai yi ba. Muryarsa ta yi laushi, kuma laushin ne ya fi ba ta tsoro.

"Mun zubar da komai, babu abin da za su samu. Amma in sun zo suka yi maganar kuɗin da ya shiga wayarki, ki ce na abinci ne. In kuma, Allah ya kiyaye, suka ga wani ɓurɓushi, ki ce naki ne."

Ta zare hannunta. "In ce me?"

"Ki ce maganin gargajiya ne da aka aiko miki cikin kayan miya, na laulayin ciki, ba ki san haramun ne a nan ba. Na yi tambaya, Lauratu. Ba sa kulle mai ciki. Dokarsu ce. Ke za su yi miki faɗa su sake ki. In Huzaifa ne, ƙuruciyarsa ta tafi ke nan. In ni ne, wa zai fito da ke? Kayan mutane suna sito da sunana."

"Alhaji, ɗanka ne a cikin nan."

"Shi ya sa ai. Shi ne zai kare ki."

Wayarsa ta yi ƙara, ya miƙa mata. Hajiya ce, tana kuka. "'Yar nan, ki taimake ni. Ki rufa mana asiri, Allah ya rufa miki. Ba zan manta miki ba har in mutu."

Lauratu ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Su kuwa suka ɗauki shirun a matsayin amsa.

Ba su zo ranar ba, ba su zo washegari ba. Sai ranar Juma'a, ana shirin tafiya masallaci, Alhaji ya riga ya fita. Bugun ƙofar ma ba mai ƙarfi ba ne. Ta buɗe ta ga mutane cike da baranda, da wata 'yar sanda mace, da kare. Ɗaya ya ɗaga takarda ya karanta sunanta a karkace, amma nata ne.

"Laoban?" ya tambaya, wato ina maigidan.

"Meyo," ta ce, ba ya nan.

Karen bai ko kalli ɗakin Huzaifa ba. Kicin ya nufa, ya tsaya ƙarƙashin silin yana haushi. Wani ya taka kujerar da take zama tana yanka albasa, ya ɗaga falle ɗaya, ya fara sauko da ledoji. Ba ɓurɓushi ba ne. Ko Huzaifa ya manta da su ne cikin gaggawa, ko ya ɓoye wa yayansa ne da niyyar wani zai zo ya ɗauka, ba ta sani ba. Suka jera su a kan teburin da take jera kwanuka, suka sa ta tsaya a gefe, suka ce ta nuna da yatsa, aka ɗauki hoto. Ta roƙa a bar ta ta kira mijinta. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse.

Da aka fito da ita, Habsatou tana tsaye a matakala da hannu a baki. Tsohuwar maƙwabciya ta leƙo ta maida ƙofarta a hankali.

A ofishin 'yan sanda aka cire mata ɗankwali, mace ta yanki gashinta daga ƙeya. Aka zaunar da ita a wata kujerar ƙarfe mai sanyi. Tafinta wani ɗan Sin ne mai Turanci, yana magana a hankali don ta gane. Ya nuna mata hoton ledojin. Ya nuna mata jerin samarin da suka haska lambarta. Ya ce, "Na wane ne?"

Ta dubi hoton. Ta ji muryar Hajiya tana kuka, ta ji ta Alhaji yana cewa wa zai fito da ke. Idan ta ambaci Huzaifa, sai sun tambayi wa ya sa shi a jirgi. Idan aka kama Alhaji, ita da wa ta rage a ƙasar nan?

"Magani ne," ta ce. "Nawa ne."

Tafintan ya dube ta. Ya ce, "Madam, kin gane abin da kike faɗa? Wannan ba na sha ba ne. Wannan sayarwa ce." Ta sunkuyar da kai. Aka rubuta, ta dangwala yatsa.

Ta wani ɓangaren Alhaji bai yi ƙarya ba. Da likita ya tabbatar da cikin, ba su ajiye ta a ɗakin tsaro ba. Suka riƙe fasfonta, suka ce ta zauna wuri ɗaya da za a riƙa ganinta, kada ta bar gari, har a yi shari'a. Mai gidan ya riga ya canza makulli, don haka Habsatou ce ta tsaya mata, ta shimfiɗa mata katifa tsakanin kwalayen takalma. Abin da Alhaji bai tambayo ba, ko ya tambayo bai faɗa ba, lauyar da hukuma ta ba ta ce ta faɗa mata: ciki ba ya goge laifi, jinkirta shi yake yi. Za ta haihu, za a bar ta ta shayar, sannan hukuncin yana nan yana jiranta. Shekaru ne, in ji lauyar, ba watanni ba.

Alhaji kuwa sai daga Kano ta ji muryarsa. Ya ce tun ranar Juma'ar da ya hango motocin a ƙofar bene ya ga zamansa ba shi da amfani, gara ya je gida ya haɗo manyan da za su sa baki. Ya ce ta yi haƙuri, yana nan yana ƙoƙari. Ya ce kada ta canza magana, canza magana shi ke ɓata shari'a. Daga baya kiran ya ragu, ya koma saƙo, saƙon ya koma "ya jiki".

'Yan kasuwar da suka ci tuwonta suka riƙa sauya hanya in sun hango ta. Habsatou ta jiyo a kasuwa ana cewa ai matar Alhaji Umar ce take sana'ar a ɓoye, bawan Allah bai sani ba, har ta so ta shafa wa ƙanensa.

Sauran mata in cikinsu ya tsufa ɗoki suke yi. Lauratu in ɗan ya motsa sai ta dafa shi ta ce a ranta, zauna tukuna, kada ka yi sauri. Habsatou ta sayo 'yan rigunan jariri, Lauratu ta kasa kallonsu, don duk rigar da ta gani sai ta tuna akwai ranar da za ta yi masa kaɗan, kuma ba ta san hannun wa zai cire masa ita ba.

Wata safiya suna shan kunu saƙon murya ya shigo daga Hajiya. Lauratu ta kunna da sauri, ko an samu wanda zai sa baki.

"Lauratu, ya jikin? Allah ya raba lafiya. To albishirinki, Huzaifa ya shiryu, wallahi kamar ba shi ba, sallah a kan lokaci. Mun ga gara a yi masa aure ya natsu, an ma sa rana bayan Sallah. Shi ne na ce tunda kina can kusa da kasuwa, kuma ba abin da kike yi, ki duba mana leshin anko mai kyau, ruwan zuma ko sararin samaniya. Ki turo hotuna mu zaɓa. Allah ya yi miki albarka, ke dai 'yar halak ce."

Saƙon ya ƙare. Habsatou ta ajiye kofinta a hankali.

Lauratu ta kife wayar. Sannan ta dafa bango ta miƙe, ta jawo mayafinta.

"Ina za ki?"

"Ki kira min lauyar nan, ki ce ta same mu a ofishin 'yan sanda. Zan faɗi na wane ne, da wanda ya sa shi a jirgi, da wanda ya ce in ce nawa ne."

"Kin san ta ce ko kin faɗa ba lalle su yarda ba yanzu? Kin sa hannu, su kuma sun tsere. Kuma aurenki ya ƙare ke nan."

"Na sani."

"Ba ki jin tsoro?"

"Ina ji," in ji Lauratu. Habsatou ta tashi ta gyara mata mayafin. "Ko za su kulle ni, Habsatou, su kulle ni a kan gaskiya. Yaron nan zai girma ya tambayi me uwarsa ta yi. Ba na so a ba shi amsar da suka shirya."

Habsatou ta ɗauki makulli, ta riƙe mata hannu, suka fita. Lif ya daɗe bai zo ba. Lauratu ta ce su bi matakala, don in ta ƙara tsayuwa tana jira, ba ta da tabbacin ƙafafunta za su yarda su tafi.